Bayan an wuce Ibadan, a ina ake cin abincin kirki?

Sani_Agege: Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san hanya. A nan Legas kowa ya san inda zai nufa, ko Agege, ko Idi-Araba, ko Obalende da dare. Amma da an wuce Ibadan aka shiga garuruwa irin su Oyo, Ogbomosho, Offa, Jebba da Mokwa, ko ta ɗaya hanyar ta Owo da Okene, yaya baƙo zai gane gidan abinci mai kyau? Google Maps ba ya nuna komai sai otal da gidan mai. Ba wurin da bas take tsayawa nake nufi ba, wanda 'yan gari suke ci nake so.

DirebanIjora: Wa alaikumus salam Malam Sani. Gara da ka cire wurin tsayawar bas tun farko. Direban doguwar bas ba daɗin girki yake bi ba. Akasari akwai yarjejeniya: shi da yaran motarsa su ci kyauta, wani wurin har da na goro, mai abinci kuma ta fanshe a kan fasinja. Ta san mutum hamsin da suka sauko ba za ta sake ganinsu ba, to me zai sa ta ɓata nama a miya?

Wanda za ka bi shi ne mai biya da aljihunsa kuma gobe zai dawo. Direbobin ƙananan motoci masu jigila tsakanin gari da ƙauye, 'yan acaba, makanikai, mahauta. Ka shiga tashar cikin gari, ba ta bakin babban titi ba, ka duba bayanta. In ka ga rumfa babu allo, babura sun yi layi a ƙofa, ana jin ƙarar muciya ko taɓarya daga ciki, ka zo.

Ummu_Khalil: Ina bibiya, don mu ma wannan matsalar ce duk tafiyar Sallah.

Tanka_Apapa: Yaya na Ijora ya faɗi gaskiya a kan bas, amma kada wani ya ɗauka duk inda tireloli suka taru abinci ne ya tara su. Ogere a kan titin Legas zuwa Ibadan, Olooru bayan Ilori, Bode Saadu, Mokwa, Tafa: fili ne da tsaro da makaniki suke sa a tsaya. A irin waɗannan wuraren rumfunan abinci sun fi ashirin, biyu ko uku ne na kirki. Ka lura da inda manyan direbobi suke zama da kansu, ba inda suke aiken yaran mota ba. Oga yana zuwa wajen mai tuwon da ta san shi, yaro kuwa duk inda malmala ta fi girma.

HajiyaMaiTuwo_IdiAraba: 'Ya'yana, kuna ta maganar wuri, ba wanda ya yi maganar lokaci. Gidan abinci ɗaya ne, amma wanda ya ci ƙarfe ɗaya da wanda ya ci ƙarfe biyar ba abu ɗaya suka ci ba. A ƙaramin gari girki ɗaya ake yi, in ya yi yawa biyu. Shinkafa da wake da taliya na safe ne, daga bakwai zuwa goma. Amala da sakwara suna fitowa daga sha ɗaya, zafinsu tsakanin sha biyu da uku. Bayan la'asar ragowa ce ake ɗumamawa, sai fa masu tuwon dare waɗanda suke ɗora tukunya da yamma, su nasu lissafin dabam ne.

Mai abincin da nata ya ƙare kafin la'asar ita ce gwana. Wadda har magariba kulolinta cike suke, ka tambayi kanka na yaushe ne a ciki.

Sannan ka leƙa tukunyar miya kafin ka zauna, ba rashin kunya ba ne. Gbegiri, wato miyar wake ta Yarabawa, da agushi su ne masu saurin tsami. In ka ga ƙananan kumfa suna tasowa a gefen tukunya alhali ba ta kan wuta, ta fara juyawa. Ewedu, lalo ke nan, kore shar take in sabuwa ce, kuma tana da yauƙi. In ta yi duhu ta tsinke kamar ruwa, ta daɗe. Masu kirki kaɗan-kaɗan suke kaɗa ta, sau uku ko huɗu a yini.

Sani_Agege: Allah ya saka da alheri Hajiya. Wannan na kumfa ban taɓa sani ba.

Abu_Fatima_Mile12: Ni shawarata gajera ce. Duk garin Yarabawan da ka sauka, ka ce wa ɗan acaba ya kai ka Sabo. Akwai Sabo a Shagamu, Ibadan, Oyo, Ogbomosho, Oshogbo da Ife. Ta Ibadan tun 1916 take. A can za ka samu mai shayi, mai tuwo, mai waina, mai tsire, ga masallaci, ga wanda za ka tambaya da harshenka, kuma ba ka da shakkar yanka. Wa ya aike ka neman rumfar da ba ka san me ke cikin tukunyarta ba?

Dan_Offa: Alhaji Abu, a nan ba na tare da kai. Malam Sani ya ce abincin 'yan gari yake so. In ya je Sabo, tuwon da ya baro a Agege zai sake ci. Kuma batun yanka, sai an bambance. Ilori, Offa, Iwo, Ede, Iseyin, Saki, garuruwa ne da Musulmi suka yi yawa, mai abincin ma sau da yawa Alhaja ce, naman kuma daga mayankar gari ake sarowa da asuba. Inda ake buɗe ido shi ne hanyar Ife zuwa Akure zuwa Owo, da yankin Ore, saboda naman daji da ake sa wa a miya. Ba ɓoyewa suke yi ba, tallarsa ma suke yi, don shi ya fi tsada.

Ga kalmomin da za su ishe ka. Eran kini, wane nama ne. Eran malu, naman shanu. Ogufe, naman akuya. Eja, kifi. Eran igbe, naman daji. Elede, alade. Igbin, dodon koɗi. Ponmo, ganda. Elo ni, nawa ne. Tambaya ta biyu ta fi ta farko muhimmanci: a tukunya ɗaya aka dafa su? Wasu suna da miyar ja guda ɗaya da ake tsoma kowane nama a ciki, to ko ka ce kifi kawai, romon ɗaya ne. Masu tsari suna raba tukunyar naman daji da ludayinta. In ka ga jarkar bammi a gefe da maza suna zaune da kofuna tun rana, wannan mashaya ce mai abinci, ka wuce gaba.

Abu_Fatima_Mile12: To ai ka maimaita abin da na faɗa ne, Ɗan Offa. Duk wannan tambaye-tambayen a Sabo ba a bukatarsu.

Dan_Offa: A Sabo ma akwai tuwon kwana, Alhaji. Shakkar yanka ce ta fita, ba ta tsami ba.

Bagobiri_Alaba: Ku ƙyale Ɗan Offa, bawanmu ne, dole ya kare barkonon gidansu. Mutanen da in sun ce maka miya ba yaji, ka nemi ruwa jarka ɗaya 😂

Dan_Offa: Bagobiri, wanda fura ta rena ai ko albasa ma yaji ce a wurinsa. Amma da gaske, akwai dabara: a amala, yajin yana cikin miyar ja da ake zubawa a kai daga ƙarshe. Gbegiri da ewedu ba su da wani zafi sosai. Haɗin ukun shi ake kira abula. Ka ce a sa maka ata kekere, wato barkono kaɗan, ko a zuba jar a gefe.

Nas_Rukayya: Bari in ɗora a kan maganar Hajiya da lissafin asibiti. Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa a abinci tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Salsiyas. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba wuta ba sanyi. Kula tana riƙe zafi na 'yan awanni, daga nan sai ta koma ɗumi, ɗumin nan kuwa shi ne haɗarin. Ma'aunin matafiyi shi ne tururi: in an buɗe kula ba ka ga ya tashi ba, ka nemi wani abin. Shinkafa ta fi yaudara, don tana iya ba ka amai cikin 'yan awanni ba tare da ta canza wari ko ɗanɗano ba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar da ta riga ta taru.

Sau da yawa ma ba abincin ba ne, abin da ke kewaye da shi ne. Kwano ɗaya na wanke hannu da mutum goma suka tsoma. Bahon wanke-wanke da ruwansa ya koma ruwan toka. Kabeji da latas da aka yanka tun safe. Ƙanƙarar da aka sa a zoɓo ko kunun aya. Ka nemi buta a zuba maka ruwa ya zube ƙasa, da sabulu. Ruwan leda ka duba lambar NAFDAC, ka wanke bakin ledar kafin ka ciza. Da damina a ƙara kula saboda kwalara.

Masu bin hanyar Owo, jihohin Ondo da Edo suna cikin inda zazzaɓin Lassa ya fi kamari, musamman da rani. Ɓera ne yake kawo shi ta fitsari da kashi a kan abincin da aka bari a buɗe. Wurin da kwanuka da garin rogo suke a ƙasa ba murfi, ka bar shi.

A jaka a riƙe ORS, wato haɗin gishiri da sukari na masu gudawa. In babu: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. In akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko yaro ne ya kasa sha, asibiti kai tsaye.

Ummu_Khalil: Anti Rukayya, yara ƙanana fa? Me ya fi aminci a hanya?

Nas_Rukayya: Abin da aka sauke daga wuta a gabanki: ƙosai, waina, soyayyar doya, dafaffen ƙwai da ɓawonsa, shayi da burodi. Ayaba da lemu ki ɓare da kanki. Alale da kunun da aka ɗura a roba tun safe, a'a.

Kamasho_Iddo: Tambayar da ake yi wa ɗan acaba ma tana da salo. In ka ce masa kai ni gidan abinci mai kyau, zai dube ka da jakarka ya kai ka mai gilashi da talabijin, inda soyayyar shinkafa take kwana a cikin akwatin gilashi da ƙwan fitila. Ka ce masa: kai a ina ka ci yau? Ko: wace mai amala ce nata yake ƙarewa da wuri? Ka tambayi mutum biyu da ba su ga juna ba, misali ɗan acaba da mai POS. In suna ɗaya ya fito sau biyu, shi ke nan.

Wani wurin dubawa shi ne kewayen sakatariyar ƙaramar hukuma, kotu, babban asibiti da banki. Ma'aikata kullum suke ci, mai abinci ba ta isa ta yi musu wasa ba. Illarsa, Asabar da Lahadi a rufe suke.

Banufe_Oyingbo: Tun ɗazu ana ta ƙasar Yarabawa. Da ka haye gadar Jebba ka shiga Jihar Neja, lissafi ya canza. Daga Jebba zuwa Mokwa zuwa Bida ƙasar kifi da shinkafa ce. A Bida ka nemi tuwon shinkafa da miyar wake da kifi, kada ka ɓata cikinka da nama. Ƙuliƙulin Bida kuma shi ne tsaraba. Masu tuwo a nan sun fi fitowa da yamma zuwa dare, da safe ɗumame da kunu ne.

Kifin banda da ake tallarsa a bakin titi: ka karya ɗaya kafin ka biya. Mai kyau a bushe yake har ciki, ƙamshin hayaƙi kawai. In gari yana zubowa daga ciki, ƙwari sun ci. In tsakiyarsa da laushi da danshi, bai bandu ba, kwana biyu a leda zai yi fumfuna kafin ka kai Kano. In kuma kana jin wari kamar na maganin sauro, an fesa masa maganin ƙwari ne, ko kyauta kada ka karɓa. Ɗanye kuma ka ɗaga murfin kunnensa, ja ya kamata ka gani, ido a fito ba a lotse ba.

Katsinawa_Dikko: Banufe da kifi sai Allah. Ko shayi aka ba ku sai kun nemi tarwaɗa a ciki.

Banufe_Oyingbo: Ubangidanka dai ya yi magana, ka rubuta ka ajiye.

Iya_Basira_Jikar_Kano: Ƙari a kan hanyar Ife. Sakwara ita ce abin alfaharin Ijesha da Ekiti da Akure, amma yanzu da yawa garin leda suke tuƙawa su kira shi iyan. Yadda ake ganewa: ta gaske sai ka ga turmi a jiƙe a bayan rumfa, da ɓawon doya a kwando. Launinta ba fari fat ba ne, tana da danƙo, wani lokacin ka ci karo da ɗan gudaji. Ta gari sumul take kamar tuwon semo, ba ta da ƙamshin doya. Wurin kirki za su ce ka jira minti goma zuwa sha biyar a kirɓa, ka jira. Daga Agusta zuwa Oktoba sabuwar doya ce, ruwa ya yi mata yawa, sakwararta ba ta kai ta tsohuwa danƙo ba, wannan ba laifin mai girki ba ne.

Amala ma haka. Wadda ake kwasowa daga tukunya da ƙoƙo a gabanka ta fi wadda aka naɗe a leda aka jera a kula. Baƙar ta garin busasshiyar doya ce, elubo. Farar, lafun, ta rogo ce, ta fi araha. In aka ba ka mai ruwan toka-toka mai tsami, an haɗa ne.

Na motsa baki: dodo Ikire a garin Ikire tsakanin Ibadan da Ife, nunanniyar agada ce da aka soya da manja da barkono har ta yi baƙi, tana kwanaki ba ta lalace ba. Sai ƙosan Osu kusa da Ilesha, shi da zafinsa ake ci. Ka sauka ka saya a bakin kasko, ba wanda ake bin mota da shi a gudu ba.

Sani_Agege: Ikon Allah. To Ibadan kanta fa, tunda ita ce gidan amala?

DirebanIjora: Ibadan ba ƙaramin gari ba ne Malam Sani, can ko Google Maps zai taimake ka. Tambayarka ta fara aiki ne daga Oyo.

Zee_Yaba: Ban yarda waya ba ta da amfani gaba ɗaya ba. A garuruwan da ke da manyan makarantu, irin Ogbomosho, Offa, Ife, Bida, ɗalibai suna saka wurare a taswira har da hotuna. Kada ka rubuta gidan abinci, rubuta amala ko buka (wato rumfar abinci) ko iyan da sunan garin. Taurari ba abin dogaro ba ne in mutum uku ne suka bayar. Hotunan da masu ci suka ɗauka za ka duba, da kwanan watan sharhi na ƙarshe. In ya wuce shekara, wataƙila ta tashi. 'Yan bautar ƙasa ma suna da rukunonin WhatsApp na kowace ƙaramar hukuma, in kana da ƙani a ciki tambaya ɗaya ta isa.

Kamasho_Iddo: Ɗalibi arha da yawa yake nema, Zee. Inda ya yaba, taliyar leda ce da ƙwai.

MaiNama_AlabaRago: Ba a taɓo tsire da balangu ba, kuma shi ne abincin wanda dare ya yi wa a hanya. Mai tsiren kirki da la'asar yake tsire nama, ya fara gashi kafin magariba. In ka ga gasasshe a tire da ƙarfe sha ɗaya na safe, na jiya ne. Alamar kwana: gefen ya bushe ya yi baƙi, kitsen ya daskare ya yi fari, an zabga mai da ƙuli don a rufe. Ka ce a yanka maka ɗanɗano daga tsakiya, ba daga baki ba. Duk abin da ka saya a mayar da shi kan wuta ya yi zafi har ciki. Kayan ciki, hanta da ƙoda da tumbi, su ne farkon lalacewa, bayan ƙarfe tara na dare a bar su. Albasa da tumatir a yanka sabo a gabanka.

A miyar buka kuma, naman da ya yi laushi har yana wargajewa amma ba ɗanɗano, an dafa shi ya kwana an sake dafawa. Ganda mai kauri fiye da kima mai warin taya, da taya aka babbake ta.

Tanka_Apapa: Abu biyu kafin a manta. Kuɗi: a riƙe tsaba, ƙananan canji. A ƙananan garuruwa sabis yana ɗaukewa, taransifa ta maƙale, mai abinci kuma ba za ta sake ka ba sai ta ga saƙo. A buka ba faranti ake saya ba, ƙirga ake yi: malmala nawa, nama guda nawa. Ka tambayi kuɗin kowanne kafin a zuba, musamman akuya da kifi, nan ne baƙo yake shan mamaki. Na biyu, mota: ka ajiye ta inda kana ganinta daga benci. Kuma a tsara tafiya yadda cin abinci zai faɗo da rana a cikin gari. Tsayawa a rumfar da ke tsakiyar daji da dare saboda an ga fitila, ba a yi.

HajiyaMaiTuwo_IdiAraba: A ƙara da ranaku. Ranar kasuwar gari abinci ya fi sabo, don ciniki yana gudu, kuma da yawan kasuwannin Yarabawa kwana biyar-biyar suke ci a ƙirgarsu, ba ranar mako tsayayya ba, sai ka tambaya. Lahadi a Ekiti da Ondo ba ka samun komai sai an taso daga coci. Da azumi kuwa a Ilori, Bida da Kontagora yawancin masu tuwo sai dab da shan ruwa, matafiyi da mai yara su yi guzuri.

Abu_Fatima_Mile12: Ranar Lahadin nan da kuka rasa buka a Akure, ina za ku? Ku dai faɗi gaskiya.

Dan_Offa: Sabo, Alhaji. Ranar Lahadi kaɗai na ba ka.

Sani_Agege: Na gode ƙwarai jama'a. Saura yanki ɗaya ba wanda ya taɓa: Okene zuwa Lokoja zuwa Abaji. Motocin Abuja da Kano da yawa ta nan suke bi.

DirebanIjora: Lokoja ita ce hedikwatar wuraren tsayawar bas, duk abin da na faɗa a sama ya hau kanta. Manyan rumfunan bakin titi na fasinja ne. In motarka ce, ka shiga cikin gari wajen tsohuwar kasuwa ta bakin kogi, nan kifi yake sauka, tunda a nan Neja da Binuwai suka haɗu. Farfesun kifi a sa a dafa maka sabo, minti ashirin ne. A Okene ka tambayi apapa, irin alalen Igbirra ne da ake naɗewa a ganye, da safe ake samunsa da zafi. Abaji da Gwagwalada kuma ka riga ka shigo ƙasar mai shayi da tuwo.

Ummu_Khalil: Apapan nan da manja ake yi ko da man gyaɗa? Akwai mai gyambon ciki a gidanmu.

Ozi_Okene: Da manja ne Anti, kuma da wake da ɓawonsa ake niƙawa, shi ya sa ya fi alale duhu da nauyi. Yaji ya danganta da mai yi. Ki sayi ɗaya ki buɗe ki ɗanɗana kafin ki sayi na mota.